Muryar Hajiya Asabe Tana Amsa Waya Bayan Rasuwarta

Zuwa ga Daraktan Cibiyar Binciken Fasaha ta kamfanin da na yi horon sanin makamar aiki, Ma'adi, Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina fatan kana lafiya, da iyali da dukkan ma'aikatanka.

Sunana Umaima Lawal, 'yar Funtuwa, ɗalibar kimiyyar kwamfuta a nan Alƙahira. Ina cikin ɗalibai tara na ƙasashe daban-daban da kuka ɗauka horon wata uku a lokacin zafin da ya wuce. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin na sa hannu a takardar riƙe sirri. Na rubuto a bainar jama'a ne saboda sau huɗu ina aika saƙo ofishinka ba a amsa ba. Na kuma zaɓi Hausa don iyalin da abin ya shafa su ji abin da na faɗa a kansu.

Na farko, yadda Hajiya Asabe ta shigo gininku. An sa ni a rukunin da ke koya wa na'ura jin Hausa, aka ce in nemo tsofaffi, domin muryoyin da ke hannu duk na samari ne. A unguwar Arba wa Nus na same ta. Bahaushiyar Sudan ce da yaƙi ya koro, tana dafa shayi a bakin layi, tana zaune da 'yarta Nafisa da jikarta 'yar shekara biyar. Ba ta karatun boko, don haka ni na fassara mata takardar amincewa layi-layi. Takardar ta ce za a yi amfani da muryarta ne don na'ura ta fahimci magana. Babu inda ta ce na'ura za ta yi magana da ita. Ta tambaye ni, "'Yata, ba wata cuta a ciki?" Na ce babu. Ta dangwala yatsa.

Sau shida na ɗauko ta a ƙaramar bas da jirgin ƙasa na metro zuwa ɗakin ɗaukar murya na hawa na huɗu, wanda aka lulluɓe bangonsa da soso, inda mutum ke jin bugun zuciyarsa in ya yi shiru. Ba ta son ɗakin, ta ce ko kabari ya fi shi motsi, amma ta zauna. Idan ta gama maimaita jimlolin da nake karanta mata, sai ta ci gaba da ba da labarin kakanta da ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa zai tafi hajji, ya tsaya a Sudan har mutuwa. Shugaban rukuninmu ya ce kada in kashe makirfo, duk abin da ta faɗa yana da amfani.

Ta rasu saura mako biyar in gama horo. Ciwon ƙirji ne, kwana uku kacal. Na je gaisuwa, na kuma sanar da shugaban rukunin a rubuce. Ya amsa da kalma ɗaya ta Larabci: ma'alish, wato a yi haƙuri.

Na biyu, abin da na ji. Wata Talata bayan azahar, wata ɗaliba 'yar Indonesiya da ke wani rukuni ta roƙe ni in saurari wata sabuwar murya da suke gwadawa, in faɗa mata ko Hausar ta fita, tunda ita ba ta ji. Na sa abin saurare a kunne. Aka ce, "Barka da zuwa, me zan taimaka miki da shi?"

Ranka ya daɗe, Hajiya Asabe tana da giɓi a gaba, in ta faɗi "s" sai ka ji ɗan fito. Tana kuma jan numfashi kaɗan kafin doguwar kalma, saboda ƙirjinta. Fiton yana nan, numfashin ma yana nan. Ɗalibar ta zaci ban ji sosai ba, sai ta rubuta sunana a kwamfuta ta danna. Muryar ta kira ni yadda Hajiya take kirana, tana jan tsakiyar sunan. A duk zamanmu shida ba ta taɓa faɗin sunana a gaban makirfo ba, 'yata take ce mini a can. Na cire abin na ajiye. Ofishin na nan yadda yake, na'urar sanyi na aiki, mutane na shan gahawa.

Na sami shugaban rukunin a ranar. Ya ce muryar gauraye ce ta mutane da yawa, ba ta kowa ba ce. Na buɗe rajistar masu ba da murya, inda da hannuna na shigar da sunanta. Lambarta tana nan, da awoyin da ta yi, amma gurbin suna ya koma fari.

Na uku, abin da ya kai ni ga wannan wasiƙa. Bayan kamar mako biyu Nafisa ta kira ni ta ce in same ta a bakin tashar metro. Tana ganina ba ta ko gaishe ni ba, ta danna wata lamba ta kara mini wayar a kunne. Layin gwaji ne da kuka buɗe wa 'yan gudun hijira masu neman ranar ganin likita, mai Larabci ya danna ɗaya, mai Hausa ya danna uku. 'Yarta ce ke zazzaɓi, wata maƙwabciya ta ba ta lambar. Nafisa ta danna uku, uwarta ta ɗauka, ta tambaye ta me ke damun ta.

Nafisa ta ce mini a ranar farko hira ta yi da ita. Ta zauna a kan tabarma ta gaya wa wayar duk abin da ya faru tun bayan jana'iza, muryar kuma tana cewa, "Ban gane ba, ki sake faɗa." Yanzu kullum sai ta kira. Yarinyar takan karɓe wayar ta ce a ba ta Habboba, wato kakarta, kuma ta daina yarda cewa an binne ta. Matan layinsu biyu sun daina shiga gidan. Nafisa ta dube ni ta ce, "Umaima, ke kika zo kika ɗauke ta daga gida. Ina kika kai ta?"

Na huɗu. Washegari na rubuta ƙorafi zuwa ofishinka. Ranar Lahadi, da ake fara aikin mako a nan, na zo na kara katina na shiga, fitilar ƙofa ta tsaya ja. Mai gadin da yake gaishe ni da sunana kowace safiya ya duba kwamfutarsa ya daɗe, sannan ya ce babu mai wannan suna a jerin ɗalibai. Bai ɗago ya kalle ni ba. Saura mako biyu in gama. Ba a ce an kore ni ba, ba a kuma ba ni takardar shaidar da jami'ata ke jira ba. Sauran ɗaliban sun daina amsa saƙona, sai 'yar Indonesiyan da ta rubuto cewa bizarta a hannunku take, in yi mata uzuri. Na yi mata.

Ga abin da nake roƙo. A cire wannan murya daga layin, da duk wani wurin da aka sa ta. A nuna wa Nafisa takardar da mahaifiyarta ta dangwala wa yatsa, a karanta mata a gaban wanda ta yarda da shi, don ta san ko ni na yi ƙarya ko an yi ta bakina. A daina tura ɗaliban ƙasashen waje su nemo mutanensu da amincin harshe ɗaya, alhali ba a faɗa musu inda muryoyin za su ƙare ba. Takardata kuma haƙƙina ce, a ba ni, amma ita ce ta ƙarshe a jerin.

Roƙo mafi girma na Nafisa ne. Da na ce mata zan nemi a kashe muryar, ta ce in bari tukuna. Bayan kwana biyu ta kira ta ce, "Khalas, ya isa, a kashe. Waccan ba ta san ni ba. Amma su ba ni ta gaskiyar, inda take labarin kakanmu." Wannan ɗaukar tana wurinku, ranka ya daɗe. Ni na ɗauke ta, na san tana da dariyarta a ciki, da inda ta tsaya ta nemi ruwa. A ba 'yarta.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya kare ka da zuriyarka, ya sa idan taka ta zo a bar ka ka huta. Allah ya jiƙan Hajiya Asabe, ya yafe mini abin da na ce mata babu cuta a ciki.

Wassalam.

Umaima Lawal Funtuwa,
Alƙahira.