Littafin Mai Kemis a Ɗakin Inna

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar tasa, ta daina kumburi? Mu nan lafiya lau. Inna na gaishe ki. Idon dai sai a hankali, amma bakin yana nan yadda kika san shi.

Sabon littafina ya fito. Kamfanin ɗab'i ya haɗa ni yawon talla da wani sabon marubucinsu, mai kemis ne, littafinsa na farko ke nan, shi ma labarin gano mai kisa. Ranar Asabar aka ajiye mana tebur ɗaya a kantin littattafai. Yaya, layinsa har bakin ƙofa, ni kuwa ina ta jera littattafaina ina sake jera su. Wata mata ta nufo ni da fara'a, har na gyara zama, ashe birona take so a ara wa mai kemis, nasa ya ƙare. Na bayar, har yau bai dawo ba. Abin haushin, mutumin kirki ne. Malam yake ce mini, wai a littattafaina ya koyi rubutu. Da mugu ne da na samu sauƙi.

Kin san yadda nake aiki tun littafina na farko. Duk abin da na rubuta sai na karanta wa Inna a ɗakinta, in ta canki mai laifin kafin ƙarshe, in koma in sauya shi. Ba ta taɓa kuskurewa ba. Wannan ma na sauya har na gaji, tana ta kama ni, na miƙa shi haka nan. Ba layi nake nema ba, wallahi. So nake rana ɗaya in rufe littafi, Inna ta ce na ci ta.

A gaishe mini da yara.

Ƙaninki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Na ga saƙonki, kuma ba kishi nake ba kamar yadda kika ce. To, ko da kishin ne, saurari dalili.

An kira mu gidan rediyo, ni da mai kemis. Shi aka yi ta jan sa da hira, ni aka tambaye ni ra'ayina a kan littafinsa. Inna ta saurara. Na dawo ina jiran yabo, sai ta ce in kawo mata littafin yaron nan mai daɗin murya. Ni da bakina nake karanta mata shi yanzu, a kujerar da nake karanta mata nawa.

Mun wuce rabi ba ta canki kowa ba. Ta zargi direba, ta dawo kan matar mamacin, ta sake komawa kan direban. Abinci yana hucewa a gabanta tana cewa in ƙara babi ɗaya. A nawa kuwa tun babi na huɗu take faɗin suna, ta ɗauki carbinta. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tafi da littafin gida na karanta ƙarshensa ni kaɗai. Ashe likitan mamacin ne. Kuma tsakani da Allah ya iya ɓoye shi, wannan ya fi komai ci mini rai.

Sai ga abin daɗi. Jiya ko shafi biyu ban yi ba ta ɗaga hannu ta ce likitan ne. Ashe shi ma mai kemis yana kamuwa. Na fito ina murmushi har maƙwabci ya tambaye ni ko an yi mini albishir.

Ki huta lafiya.

Naki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku. Tawa da sauƙi dai.

Yau na je in ƙarasa mata littafin, ta ce in ajiye, na riga na ɓata mata shi. Ta ce ta san na leƙa ƙarshe. Na fara rantse-rantse, ta katse ni. Wai duk sanda mai laifi zai shigo labari sai na yi gyaran murya na rage sauri, irin wanda nake yi ina yaro in an tambayi wanda ya fasa kofi. Kwanakin da ban san ƙarshen ba muryata ƙalau take, shi ya sa ta sha daɗinta. Ran nan likitan na shigowa na yi gyaran muryar.

Na tambaye ta littattafaina fa. Ta ce ita ba ta taɓa gano komai daga labari ba, ɗanta take saurara. Ta ɗauka na sani, wasa ne tsakaninmu. Yaya, duk masu laifin da na sauya, duk ƙarshen da na yaga na zubar, wataƙila babu abin da ya same su. Kuma har yau Inna ba ta taɓa jin littafina yadda ta ji na mai kemis ba. Ya samu rabin littafi yana juya ta, ni ko babi ɗaya ban taɓa samu ba.

Ina da sabon rubutu, ban nuna wa kowa ba. Na ce mata wani zai karanta mata shi, ni in zauna a waje. Nan take ta ce a kira yaron nan mai daɗin murya, tunda yana girmama ni.

Don Allah ki zo hutun nan ki karanta mata. Ba zan gaya miki mai laifin ba. Ki yi sauri, ta riga ta fara tambayar inda kemis ɗinsa yake.

Ƙaninki mai jiran ki,
Auta