Hayaƙin Turarena Ne Ya Kashe Kwamfutar Mijina, Ƙanwarsa Aka Kora

Assalamu alaikum Anti mai wannan fili, tare da duk masu karatu. Allah Ya ƙara wa shafin nan albarka. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma wanda zai ba ni shawara ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke min hukunci. Zagi kam ba na buƙata, babu kalmar da wani zai jefe ni da ita wadda ban riga na jefi kaina da ita ba.

Ni matar aure ce a Gyadi-Gyadi, da 'ya'ya biyu. Maigidana ma'aikaci ne, mutum mai shiru-shiru, amma idan ya yanke magana ta yanku. Mahaifinsa malami ne a wani ƙauye ta wajen Rano, ya rasu tun zamanin soja, ni ban ma riske shi ba. Bai bar wani abin duniya ba, sai kaset-kaset na tafsirin da yake yi da azumi a zaurensa, waɗanda ɗalibansa suka riƙa ɗauka da rikoda. Da farar hula suka dawo albashi ya ɗan motsa, sai maigidan ya sayi laftof ta hannu, kwamfutar nan da ake ninkewa a sa a jaka. Ba don gayu ya saya ba. Bin tsofaffin ɗaliban Malam ya yi gida-gida yana karɓo kaset ɗin, yana so ya juye muryar mahaifinsa a cikin kwamfuta, idan ya kammala ya buga a faifan sidi ya raba wa dangi. Kaset ɗin sun tsufa ƙwarai, yawancinsu sau ɗaya suka yarda suka juya, daga nan zaren ya tsinke ko rikoda ta taune shi. Ma'ana abin da ya shiga kwamfutar nan, nan ne kaɗai yake a duniya.

Juyewar ba ta sauri ba ce, sai kaset ya karanta kansa tun daga farko har ƙarshe. Don haka da safe yakan haɗa waya daga rikoda zuwa kwamfutar a kan teburin falo, ya kunna ya tafi aiki, ni kuma idan gefe ɗaya ya ƙare in juya kaset in danna inda ya nuna min. To a nan na shigo da nawa iyayin. Mahaifiyata 'yar Barno ce, a cikin hayaƙin turaren wuta na tashi, kuma da hannuna nake haɗa nawa: icen hawi, farce, sukari da madarar turare, in soya su har su yi danƙo. Ina zaune ina jin alaramma yana jan baƙi, Malam yana fassara da wata murya mai sanyi, sai na ga ai rashin ladabi ne a ce ana karatun Alƙur'ani a ɗakina babu ƙamshi. Sai na riƙa zuba garwashi a kasko in ajiye shi a gindin teburin, dab da kwamfutar. Har na lura tana zuƙar hayaƙin ta ƙasa tana fitar da shi ta gefe, abin ya ba ni sha'awa, na ce kin ga ita ma tana son ƙamshi. Wani lokacin har mayafi nake lulluɓa mata don ƙamshin ya kama ta sosai. Wallahi Anti a raina lada nake nema. Kullum haka nake yi, ba wanda ya taɓa gani, shi kuma idan ya dawo ya ji gida na ƙamshi ai abin da ya saba ji ne.

A gidan akwai ƙanwarsa, zan kira ta Rabi, autarsu ce. Daga ƙauye ya ɗauko ta ya sa ta a makarantar koyon aikin jinya, ita ce mace ta farko a gidansu da ta kai haka. Yarinya mai kunya, ta dawo makaranta a gajiye ta karɓe min wanke-wanke, 'ya'yana kuwa a bayanta suka girma. Ban taɓa jin ta ɗaga min murya ba.

Sai kwamfuta ta fara ciwo. Ana cikin aiki sai 'yar kibiyar nan ta tsaya cak, a danna ko'ina ba ta motsi, ƙasanta ya yi zafi kamar murfin tukunya, tana wani irin kuka siriri. Can sai fuskar ta yi baƙi ƙirin alhali fitilar gefenta na ci. Babu abin da bawan Allahn nan bai yi ba. Ya cire batir ya mayar, ya danne maɓallin kunnawa har yatsansa ya gaji, ya sauya caja, ya ce ko wutar unguwarmu ce mai hawa da sauka ya sayo sitabilaiza. Wata rana ta tashi lafiya kamar ba ita ba, har ya yi hamdala, da rana ta sake sandarewa. Da ya tsorata ya ce bari ya kwashe abin da ya samu zuwa sidi tun kafin ya kammala, amma duk sanda ya fara sai ta ƙame a tsakiya, faifan ya lalace. Ya kai wa wani mai gyara, shi kuma ko buɗe ta bai yi ba ya ce bairos ne, cutar nan ta kwamfuta, wa yake soka mata filash, ɗan abin nan da ake kwaso bayanai da shi? Da ya dawo ya tara mu yana tambaya. Rabi, da yake ba ta iya ƙarya ba, ta ce, “Yaya, ni ce. Sau ɗaya na sa filash ɗin da na zo da shi daga kafen intanet, zan ƙarasa aikin makaranta. Ka yi haƙuri.” Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce, “Wallahi in ta tabbata filash ɗinki ne ya cinye min muryar Malam, kin gama zaman gidan nan.” Ni a lokacin har raina na ɗauka ita ce, har ina ba shi baki.

Bayan nan ba da jimawa ba kwamfutar ta ɗauke gaba ɗaya, a kunna sai baƙin allo. An yi masa kwatancen wani mai gyara a Unguwa Uku da aka ce ya ƙware, sai tafiyar ofis ta kama shi, ya ce in kai da kaina in tsaya a duba a gabana. Na hau tasi na je. Mutumin ya kwance ƙusoshi ya ɗaga murfin ƙasa, kafin ya ce komai ƙamshi ya cika shagon. Ƙamshina, Anti, haɗin hannuna, ko a cikin taron biki zan gane shi. Fankar cikinta ta daskare da wani baƙin danƙo, ya sa tsinke yana kankarowa. Ya shinshina ya ce, “Hajiya, turaren wuta kuke yi mata? Ai fankar nan ta daɗe da daina juyawa, zafi ne ya dafa ta. Faifan da take ajiye komai ma ya tafi, ni dai ba zan iya ciro abin da ke ciki ba.” Na ce da murya kamar ba tawa ba, “To ba bairos ba ne?” Ya ce, “Bairos ba ya ƙona abu. Ki gaya wa maigidan haka.” Yadda na iso gida ban sani ba.

Da maigida ya dawo, ko takalmi bai cire ba ya ce, “Me ya ce?” Rabi na tsugune a bakin ƙofar kicin tana tsince shinkafa, ta ɗago tana kallon bakina. Na dubi idonsa ya yi ja. Na tuna yadda yake zama shi kaɗai yana maimaita wurin da Malam ya yi tari ya nemi a miƙo masa ruwa, yana murmushi yana share hawaye. In ce masa ni ce na kashe wannan? Da hayaƙi? Da wane ido zai ƙara kallona? Ina zan je da 'ya'ya biyu? Sai na ji bakina ya ce, “Ya ce bairos ne ya cinye komai.” Shi ke nan abin da na faɗa. Rabi ta ajiye faranti a hankali. Washegari ya kai ta tasha da kansa. Ni na taya ta ninke kaya, har da fararen kayan makarantarta, tana ce min, “Anti, ki yafe min, na jawo miki ɓacin rai a gida.”

Tun ranar ban ƙara sanin daɗin abinci ba. Inna, mahaifiyarsu, ta goyi bayan ɗanta, ta ce wanda ya yi sakaci da muryar ubansa ba karatun boko ya kamace shi ba. Na gwada roƙon maigida ya ce, “Ke kin fiye tausayi, shi ya sa ta raina mu. Rantsuwa na yi.” Ka ji fa, wai ni ce mai tausayi. Kaskon turaren na tura shi ƙarƙashin gado, ko ganinsa ba na son yi, har yana tambayata ko ba ni da lafiya ne gida ya daina ƙamshi. Idan ya ce zai bi ta Unguwa Uku sai in ji tsoron kada ya tsaya a shagon nan. Na yi istigfari, na yi sadaka, amma wa nake yaudara? Haƙƙin yarinyar nan sadaka za ta goge shi? In na faɗa, ba kwamfutar kaɗai zai ji ba, zai ji na kalli idonsa na yi ƙarya, na bar shi ya zalunci 'yar uwarsa da rantsuwa a bakinsa. Na san mijina, ba zai yi faɗa ba, shiru zai yi, kuma shirun nan ba ya da ƙarshe. In na ci gaba da rufe baki, aurena yana nan, amma a kan wuyan Rabi yake zaune.

Shekaranjiya ta kira ni daga wurin mai wayar kuɗi na ƙauyensu. Ta ce an kusa rufe rajistar zangon nan, idan ba ta koma ba gurbinta ya tafi, kuma ba ta da wurin zama a Kano sai gidanmu. Ta ce, “Anti, ke kaɗai yake jin maganarki. Ki ce masa na san ni na yi, ban musa ba. Kullum sai na yi mafarkin Malam yana juya min baya.” Yarinyar nan ta yarda ita ta kashe muryar ubanta, kuma ni take roƙo in cece ta.

Jiya da la'asar na shigo falo na tarar ya ɗauko kwamfutar daga saman kwaba, ya buɗe ta yana kallon baƙin allon. Sai ya kai ta hancinsa ya shaƙa, ya dube ni da wani murmushi mai ban tausayi ya ce, “Kin ga ikon Allah, komai na cikinta ya tafi, ƙamshinki ne kaɗai ya ƙi fita. Allah Ya yi miki albarka, ke ce kika girmama karatun Malam a gidan nan.” Na buɗe baki, amin ce ta fito.

Jama'a, rajista ta kusa rufewa, Rabi na can tana jiran wayata. Me zan yi?