Karan Masara a Kan Hanyar Kura

Zuwa ga Shugaban direbobin tumatir na tasharmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da jama'arka kuna lafiya.

Ni manomi ne a wajen Kadawa, ƙanin marigayi Sale, wanda ya daki bayan motar wani direbanku da babur a sanyin bara. Ba ƙara na kawo ba, mun yafe tun ranar sadakar uku. Abin da na gani kawai zan faɗa.

Na ɗaya. Ka san hazon nan da ke tasowa daga ruwan gonaki bayan asuba, mai jiƙa riga, wanda ba ka ganin na gabanka sai dai ka ji tarinsa. A cikinsa mutanenka suke tashi a guje, don su shiga Kano kafin cunkoso ya riƙe su tumatir ya narke a kwando. Na gane dalilin, nawa ma yana cikin kwandunan.

Na biyu. Motar ta mutu ne a tsakiyar kwalta, ba fitila ko ɗaya a bayanta. Direban ya rantse ya sa alama yadda kuka saba. Bai yi ƙarya ba. Ɗanyen karan masara ya yanko a gonar gefe, ya jera a titi, ya tafi neman bakanike. Sai garke ya zo wucewa mashaya, shanu suka cinye alamar tas. A bayansu Yaya Sale ya iso.

Na je wurin da hantsi. Kashin shanu na tarar, da guntun kara, da takalminsa ƙafa ɗaya. Na ɗauka na sa a aljihun babbar riga. Ban yi kuka ba, har yau ma bai zo ba. Mai shanun maƙwabcinmu ne, da shi aka yi jana'iza. To wa zan riƙe? Saniya?

Na uku. Na gyara babur ɗin, don ba mu da wani. A kansa nake kai Zainabu, 'yar marigayin, makaranta Kura kullum da safe. Ga sanyi ya dawo. Shekaranjiya na sake cin karo da ganye a titi, na wuce ina jan ƙafa a ƙasa. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba, sai hannunta da ya damƙe min riga.

Roƙona, ranka ya daɗe: a hana mota tashi sai fitilun bayanta na ci. A rage gudu har hazo ya washe. Wadda ta mutu a turo ta gefe. Kuma kowane direba ya riƙe jar alama mai ƙyalli, irin wadda saniya ba ta ci.

Allah Ya tsare ka da direbobinka, Ya kai kowa gida lafiya. Gobe da safe ma ni da yarinyar muna kan hanyar.

Wassalam.
Ƙanin Sale.