Littafin Saratu da Ban Sa wa Maki Ba

Zuwa ga mahaifina, Malamin Turanci na Bunguɗu,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka da gaisuwar girmamawa, duk da na san ba ka inda wasiƙa take isa. Sati guda ke nan na kasa zama wuri ɗaya, kuma kai ka jawo min.

Ka tuna dokarka in za ka koyar da but, although da however? Ka hana ɗaukar misali daga littafi. Kowane ɗalibi ya zo da abu biyu na gaskiya daga gidansu waɗanda suke jayayya da juna, ya faɗe su da Hausa tukuna, sannan ya haɗa su da kalmar Turancin. In ƙarya ce, ko nahawun ya yi kyau, babu maki.

Ni ma ba ka raga min ba. Ranar da na rubuta cewa dusar ƙanƙara na zuba amma mun fita wasa, ka leƙo ta saman tabarau ka ce, "Ɗiyata, ina kig ga dusar ƙanƙara Bunguɗu?" Na koma na rubuta cewa miyar Inna ba nama amma mun suɗe kwano. Ka ba ni cikakken maki, Inna ta yi kwana biyu tana hararar mu.

Yanzu ni ke koyarwa a Bilbis, kuma dokarka nake bi. Kullum daga Gusau nake tasowa, in sauka Tsafe, in hau babur. Ba ka ga abin da hanyar nan ta zama ba saboda 'yan bindiga. Malamai suna ta neman canji. Maigidana ya yi ta zirga-zirga har ya samo min takardar komawa Gusau, sa hannuna kawai ake jira kafin Litinin.

Sai na ba 'yan ajin ƙarshe aikinka. Baba, karatun ya yi min nauyi. Wannan ya ce geronsu ya nuna amma ba mai iya zuwa girbi. Wancan ya ce kasuwa na ci amma babansa ya daina zuwa.

Wata yarinya, Saratu, mai zama can baya, ta rubuta cewa malamai da yawa sun koma Gusau, however, Malamarmu ta ce za ta tsaya har mu gama jarrabawa. Ko waƙafi ba ta kuskure ba. Kuma na faɗa ɗin, tun farkon zango, da bakina. Na ɗaga jan biro na kasa saukewa, don takardar canjin tana cikin jakar da na ɗauko littafinta a ciki.

Na ji haushinka, wallahi. Wani malamin da tuni ya sa maki ya wuce abinsa.

Yau da safe na gaya wa maigidana ya roƙa min hukumar makarantu su jira har bayan jarrabawa, in ba za su jira ba su ba wani gurbin. Ya daɗe yana kallon yaranmu suna karyawa. Ban ga laifinsa ba. Tsoro nake ji, Babana, ba zan ɓoye maka ba. Gobe zan sake hawa hanyar nan, in miƙa wa Saratu littafinta.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Mu kuma ya kai mu lafiya, ya dawo da ni wurin 'ya'yana.

Ɗiyarka mai kewarka,
Hafsatu