Kai Ya Yi Girma, A Rage

Zuwa ga uwargida,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, ina shelanta wa duniya cewa yau an ci mutuncina da fensir. Ina neman tabarauna a kan teburinki sai na ci karo da littafin zanenki. A shafi na tara, ga ni zaune da jarida, a gefe kuma ga rubutunki mai kama da sawun kaji: "Kai ya yi girma, a rage." Ni ne mai girman kai? Ni da kaf layinmu babu wanda ya kama ƙafata a tawali'u?

A ƙasa kuma: "Hannun bai saki ba." Wa ya sayo fensirin? Sai wadda ta hana ni cin abinci: "In bai gyaru ba, a sake wani." Wane ne wanin? Magana takan zama suɓutar baki, amma wanda ya zauna ya rubuta, da gangan ya yi. Na amsa kowace tuhuma da jan biro a nan gefen, na kuma gyara miki ƙa'idar rubutu.

Naki cikin ɓacin rai,
Maigida

Zuwa ga uwargida,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da Inna ta fara takawa.

Amsarki ta iso, layi uku, biyu faɗa ne. Ashe da zanen kike, wanin kuma wani shafi ne. To, me ya hana ki rubuta "kan zanen"? Rashin kalma ɗaya ya sa na yi kwana huɗu ina hararar mai gyaran famfo.

Na buɗe shafin ƙarshe kamar yadda kika umarta: "Sau goma sha bakwai ina gwadawa, na kasa kama dariyarsa. Sai na dawo." Na daɗe ina kallo. Na duba sau biyu, ban sami abin gyara ba.

Jan biro kuwa ba ya goguwa. Na gwada, shafi na tara ya huje, daidai kan.

Saboda haka kotun gidan nan, wadda ni ne alƙalinta, ta ci ni tarar fensir biyu da zaman awa ɗaya a gabanki ba magana, ki zana ni. Fensirin na amince. Awar na ɗaukaka ƙara.

Naki har kullum,
Maigida, mai kai daidai misali