Ranar Da Na Kira Kuluwa A Bakin Ruwan Ikko

Zuwa ga Inna, wadda ke kwance gabas da Kafinsoli.

Sallama, da gaisuwa mai yawa, da durƙuso har ƙasa, daga ɗanki Tanko mai tsire, wanda yanzu duk birnin Ankara na ƙasar goro ba hancin da bai san tukubarshi ba. Bayan gaisuwa, ki yi haƙuri da rubutun. Ajin yaƙi da jahilci na ɗan leƙa a Kankiya, malamin ya ce bai taɓa ganin kai irin nawa ba, ban dai tsaya na tambayi mi yake nufi ba. Mutanen zango na tsaye kaina suna leƙen takardar. Su leƙa, da ke nike.

Inna, magana ce kan Kuluwa. Kin gani ko? Na rubuta sunan. Kada ki ɓata rai sai kin ji yadda akai.

Tun ranar da aka yaye ta kika ɗauke ta zuwa ɗakinki. Kika ce ɗan fari na kaka ne, uba mai kunya baya kama sunanshi. Na riƙe maganar. Ni da in na yi tallan nama a kasuwar Kusada sai an jiyo ni a garin Ƙofa, in aka zo kanta sai in ce yarinyar nan. In na shigo gaishe ki ta zille bayan rumbu. Uwarta Hinde ma haka, ko ruwa bata aiken ta.

Da kika rasu, wana Sule ya aiko in taho Ankara da iyali, wai can nama na neman hannu irin nawa. Gaskiyarshi. To wa zan bar ma ita? Muka taho da ita.

Mota daga Kankiya zuwa Kano, jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko, daga nan sai jirgin ruwa zuwa Ankara. Duk inda muka sauka tafiyarmu ɗaya ce. Ni a gaba, ƙannenta Audu a wuya, Lawal a hannu, wuƙaƙena a jaka. Hinde goye da jinjiri, kaya a ka. Yarinyar can baya, rungume da tsohon zanenki na saƙi. Ba wanda ya riƙe mata hannu. Ba ƙi ba ne Inna, kin sani. Ni ina jin nauyi, Hinde na jin nauyi. A Kafinsoli wanga bai taɓa ɓatar da kowa ba.

Amma bakin ruwan Ikko ba Kafinsoli bane. Rana tsaka, mutane kamar an fasa gidan tururuwa, kowa da harshenshi, 'yan dako na ture mutum da buhu, ɗan sanda na kaɗa kulki. Jirgin ruwan ya fi gidan hakimi tsawo, Turawa can sama suna kallon mu.

Mun kai gindin tsanin shiga kenan Hinde ta mintsine ni. Na juya. Ita ma ta kasa faɗin sunan, hannu kawai take nunawa baya. Ba kowa a bayan. Nan jirgin ya yi wani kuka da na ji har cikin hanji. Mai tsaron tsanin ya nuna mani da yatsa, in ya ƙara kukan za a janye.

Na dire yaran na ruga. Ina ke yarinya, ke yarinya. Wallahi duk ɗiyan Ikko sun juyo, banda tawa. Na leƙa bayan ganguna, na leƙa ƙarƙashin amalanke, na leƙa ruwa, Inna, ruwan nan baƙi ƙirin da ke bugun katako.

Wani dattijo Bakano ya tare ni, ya tambaye ni sunanta su taya ni kira. Na buɗe baki. Ya ƙi fitowa. Ni Tanko, wanda kike cewa bakinka ya fi ka girma. Dattijon ya dube ni kamar mahaukaci ya yi gaba.

Jirgi ya ƙara kuka.

Na hango Hinde ta zauna daɓas kan matakalar farko, ta ƙi hawa ta ƙi sauka, ɗan sanda na zungurar kayanta, yaran na ihu. Wasu ƙarti sun fara kwance igiya.

Sai na haye wani tudun buhunan gyaɗa, ƙila ma tamu ce ta Kankiya. Na ce Inna ki yafe mani. Na cika ƙirji, na sake shi. Kuluwa! Tsuntsayen teku suka watse. Wani Bature hularshi ta faɗi ruwa, wannan kam akwai shaidu. Shiru. Zuciyata ta ce ai bata san muryarka da sunanta ba, ina zata amsa. Na ƙara, wannan karon da kuka a ciki, ban ɓoye maki ba.

Na ji na'am. Ƙarama, a gindin buhunan da nike kai.

Tana tsaye, zanenki a ƙirji. Ke kika koya mata in mutum ya ɓace ya tsaya wuri ɗaya, ta tsaya. Daga baya ta gaya ma uwarta tana kallona ina wucewa ina dawowa, har iskar rigata ta taɓa ta. Bata kira ni ba don bata san da mi zata kira ni ba.

Na damƙi hannunta muka ruga, tsani na motsi muka haye. Sai a sama na duba hannun. Akwai tabon ƙuna a bayanshi, tsohon tabo. Ban san dashi ba Inna. Ɗiyata, gida ɗaya, ban sani ba.

Yanzu kullum safiya sai na kira ta, ko ba aike. Tsofaffin zango na cewa Tanko ya zubar da kunyarshi a teku. Su faɗa. Ke kaɗai nike so ki gane, nan garin ba rumbun da yaro zai laɓe a ishe shi da yamma.

Jiya ina yanka nama ta kawo mani ruwa. Ta tsaya, ta dubi ƙasa, ta ce Baba. Na yanke yatsa. Shi yasa kika ga layin ya karkace.

Allah ya jiƙan ki Inna, ya yalwata makwancinki, ya saka maki da aljanna kan riƙon da kika yi mata. Allah yasa ranar taro babba in na kira ki ki ji, ki amsa. Amin.

Ni ne ɗanki mai baki,
Tanko, uban Kuluwa.