Takarda Ta Kayar Mini da Kabiru

Hajiya Uwani, assalamu alaikum. Don Allah ki agaza mini da shawara kafin Alhamis, akwai wata takarda a aljihuna da ta hana ni sukuni.

Ni mai horar da yara gudu ne a nan Gusau, shekarata goma sha huɗu da usur a wuya. Yarana wasu na cikin gari ne, wasu daga Tsafe, wasu daga Bungudu. Ba yabon kai ba, yaro ya zagaya fili sau biyu na san ko zai yi nisa ko takalmi ya zo nuna mana.

To wata ƙungiya ta ƙasar waje ta ba mu gurbin yaro ɗaya, wata shida a sansanin horo, har da karatu. Suka ce gudu kaɗai bai isa ba, sai an auna yadda yaro ya riƙe wasan a zuciyarsa. Suka aiko da takardar tambayoyi, wai da ita suke auna yara a ƙasashe da dama. Kowace tambaya da akwati biyar, daga "sam ban yarda ba" zuwa "na yarda ƙwarai". Ni na fassara wa yaran da bakina.

Biyu ne a gaba. Akwai Abdulrahman, ɗan wani mai shagon yadi, yaro mai baki kamar rediyo. Shi akwatin ƙarshe ya bi ya cike tas, ko numfashi bai tsaya yi ba. Sai Kabiru, ɗan manomi daga Furfuri, shekararsa sha shida, a keke yake zuwa kuma sau da yawa ya riga ni fili. Ko rabin zagaye ya ba Abdulrahman sai ya kamo shi. Amma zo ki ga aikin da yaron ga ya yi mini. An tambaya ko ya tabbata nan da shekara biyar yana cikin wasan, ya zaɓi tsakiya, wai gobe ta Allah ce. An tambaya ko ya fi sa'o'insa, ya sunkuyar da kai ya zaɓi "ban yarda ba". An tambaya ko zai ci gaba ko da iyayensa sun hana, ya dube ni kamar na zage shi. A ƙasan takardar, wurin rubuta fashin zuwa fili kuwa, ya rubuta sati bakwai cur, na shuka da noman farko da maimai.

Na haɗa maki, Abdulrahman ya yi masa fintinkau. Walle raina ya ɓaci. Da na hau Kabiru da faɗa, sai ya tambaye ni ko ƙarya nake so ya yi.

Saura takarda ɗaya da ba a taɓa ba. Na san rubutunsa sarai, minti biyar na cike ta yadda suke so, na sa sunansa. A ganina ba zalunci ba ne, tunda mudun da suka kawo ba na kasuwarmu ba ne. Uwargida ta ce ha'inci ne ko da wane suna na kira shi. Alhamis zan tura. Me kika gani?

Mai Usur, Gusau.

Wa alaikumus salam, Malam Mai Usur. Uwargida ta riga ni, ka gaishe mini da ita. Kada ka cike takardar nan. Yaron da ya ƙi yi wa kansa ƙarya, kai ne za ka yi masa ita da hannunka? Abdulrahman ma ɗan mutane ne, amana ne a hannunka. Yawan magana ba laifi ba ne, ta yiwu abin da ya cike har zuciyarsa ne.

Batun mudu kuwa ina bayanka. Wasu wuraren ana koya wa yaro buga ƙirji, mu kuma kunya muka koya wa namu da "in Allah ya yarda". Wanda bai san haka ba zai ga ladabi ya ɗauka sanyin jiki ne. To ka sanar da su. Ka tura takardun biyu yadda yaran suka cike, ka haɗa da wasiƙa: lokutan gudunsu, rajistar zuwa fili, nisan Furfuri a keke, da abin da damina take nufi a gidan manomi. Ka roƙi su yi magana da yaran ta waya, da tafinta wanda ba kai ba, domin kai ka riga ka ɗauki ɓangare.

Amma kada fushi ya rufe maka ido, takardar ta faɗi wata gaskiya. Kabiru ya nuna maka ƙarara cewa in mahaifinsa ya ce a'a, ba inda za shi. Wata shida kuma da wuya su ƙare ba su taɓa damina ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu, ban ga inda ka taɓa zama da mahaifin nan ba. In ka ci gurbin da ƙarya, sannan Baba ya ce gona, an yi biyu babu: Kabiru bai je ba, Abdulrahman ya rasa.

Saboda haka gobe, kafin ka taɓa biro, ka hau mashin zuwa Furfuri. Ka durƙusa ka gaida dattijo, ka faɗa masa komai. Zai tambaye ka wa zai riƙe fartanyar Kabiru in ruwa ya sauka, ka je da amsarka. In ya sa albarka, ka rubuta hakan a layin farko na wasiƙarka, ka gaya musu a wurinmu yaron da uba ya sallama ba ya dawowa rabin hanya. In ya hana, ka tsaya wa Abdulrahman da zuciya ɗaya, ka ci gaba da horar da Kabiru.

Allah ya ba mai rabo sa'a, ya sa dattijon Furfuri ya karɓe ka da fuska a sake.

Hajiya Uwani.